Unguwar Brick Lane ta Landan da masu son mayar da ita ofisoshi

Jama'a bari in ɗan yi magana a kan wata tsohuwar unguwa da ke gabashin Landan, yankin Spitalfields da Whitechapel inda layin Brick Lane yake, don wallahi abin da ake yi wa wurin nan yana ci min rai, kuma ni a ganina babu inda mutum zai gane amfanin tsohon gini kamar nan.

Akwai wani masallaci a kwanar Brick Lane da Fournier Street, ginin bulo ne mai dogayen tagogi. A 1743 aka gina shi, kuma coci ne a lokacin, na Faransawa 'yan Furotestan da suka gudo daga ƙasarsu bayan sarkinsu ya hana su addininsu a 1685. Masaƙan siliki ne, shi ya sa har yau in ka ɗaga kai a layin za ka ga gidajen suna da manyan tagogi a can sama inda suke saƙa don haske ya ishe su. Da suka yi arziki suka watse sai wasu Kiristocin suka karɓi ginin, daga baya a ƙarshen ƙarni na 19 Yahudawa da suka gudo daga Rasha da Poland suka mai da shi wurin ibadarsu, sai kuma a 1976 'yan Bangaladash, yawancinsu daga Sylhet, suka mai da shi masallaci. Bango ɗaya fa, rufi ɗaya, duk baƙon da ya zo hannu rabbana ya samu inda zai fake. Da wani ya rushe shi tun farko don wai ya tsufa, ina talakan da ya zo jiya zai samu kuɗin gina irinsa a tsakiyar Landan?

Sai maganar mashaya. Na san wani zai ce kai Musulmi me ya haɗa ka da gidan giya. Giya haramun ce, ba na sha kuma ba na kiran kowa ya sha, wannan a rufe take. Amma ginin fa? Su Turawan Ingila mashayar unguwa ita ce majalisarsu, yawanci a kwana ake gina ta, da ƙofa ta kowane layi, da tayil masu ƙyalli a bango, da ɗaki a sama inda ƙungiyoyin ma'aikata da na unguwa suke taro. Tarihi ma a ƙofarsu yake faruwa, a gaban mashayar Blind Beggar da ke Whitechapel Road ne William Booth ya yi wa'azi a 1865, daga nan ƙungiyar agaji ta Kiristoci da ake kira Salvation Army ta samo asali. Yanzu da masu shan suka ragu a unguwar da yawa daga cikin mashayun nan sun koma gidajen abinci da shaguna, kuma ni wannan ya yi min daidai, a canza abin da ake yi a ciki a bar ginin a tsaye mutanen layi su ci gaba da shiga da fita. Abin da ba na so shi ne a kawo katafila a baje shi a dasa benen gilashi wanda ɗan unguwa ko ƙofarsa ba zai iya tunkara ba.

Kuma ba wai babu yadda za a yi ba ne. A wata unguwar a Landan ɗin, a 2015 masu gini suka rushe mashayar Carlton Tavern ba izini, ƙaramar hukumar Westminster ta ce sai sun mayar da ita yadda take, aka yi ta ja amma dole suka gina, aka sake buɗe ta a 2021. Kenan in hukuma ta tsaya tsayin daka mai kuɗi ma yana jin magana.

A Brick Lane kuwa kullum ci ake ta gefe. Kasuwar kayan gwari ta Spitalfields an tashe ta a 1991, daga baya aka rushe wani ɓangare aka yi ofisoshi. Maƙerar Whitechapel da ta zuba Big Ben, ƙararrawar agogon majalisar Ingila, a 1858 ta rufe a 2017. Tsohon kamfanin giya na Truman da ya daina aiki a 1989, wanda ƙananan 'yan kasuwa suka raya harabarsa, a 2021 aka amince a yi ofisoshi da rukunin shaguna a wani sashe nasa duk da dubban mutane sun rubuta sun ce ba su yarda ba. Kowa ya san abin da ke biyo baya, haya ta tashi, mai ɗan gidan abinci da tela da mai kanti su tattara su bar wurin, a bar allunan sunayen layuka da aka rubuta da Bangali alhali masu karanta su sun koma bayan gari. 'Yan Bangaladash ɗin nan fa da jininsu suka tsaya a unguwar, a 1978 masu wariyar launin fata suka kashe Altab Ali, matashi mai aikin ɗinki, yana hanyar komawa gida daga aiki, sunansa ne a lambun da ke Whitechapel Road yanzu.

Na yarda tsofaffin gidajen suna da matsala, akwai danshi da sanyi, akwai iyalai da ke cunkushe a ɗakuna biyu, kuma jerin masu jiran gidan gwamnati a Tower Hamlets, ƙaramar hukumar da unguwar take ciki, dogo ne ƙwarai. To ai shi ya sa nake cewa duk filin da aka samu a wurin a yi gidajen haya masu sauƙi da shi, a gyara tsofaffin gine-ginen a sa musu abin ɗumama ɗaki mai kyau, shagunan ƙasa kuma a ɗaure hayarsu yadda ɗan unguwa zai iya biya, kafin a zo ana maganar wani sabon ofis.