Kyautar Nobel ta zaman lafiya: a bar mai mulki ya sauka tukuna

Tun 1901 ake raba kyautar Nobel bisa wasiyyar Alfred Nobel, attajirin Sweden ɗin nan da ya ƙirƙiro nakiyar fasa dutse, wanda ya rasu ranar 10 ga Disamba, 1896. Ta kimiyya da ta adabi a Stockholm ake yanke hukuncinsu. Ta zaman lafiya kuwa tana hannun mutum biyar da majalisar dokokin Norway ke naɗawa, a birnin Oslo. Suna ɗaya ne, amma halin masu zaɓen ya sha bamban, kuma wannan bambancin ne ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Masu zaɓen kimiyya mutane ne masu haƙurin gaske. A 1964 Peter Higgs ya yi hasashen akwai wata ƙwayar zarra da ba a taɓa gani ba. Ba su ce masa uffan ba sai da cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Turai ta tabbatar da ita a 2012, sannan suka karrama shi a 2013. Tu Youyou ta ƙasar Sin ta gano sinadarin artemisinin tun farkon shekarun 1970, wanda shi ne ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yaranmu a asibiti yau. Sai a 2015 aka kira sunanta, bayan maganin ya ceci rayukan miliyoyin jama'a. John Goodenough, ɗaya daga cikin waɗanda suka samar da batirin da ke cikin wayoyinmu, yana da shekara 97 aka ba shi tasa a 2019. Ana iya cewa jiran ya yi yawa, amma da wuya ka ji an ce an yi da-na-sanin karrama waɗannan.

A Oslo lamarin ba haka yake ba. Abiy Ahmed ya zama firaministan Habasha a watan Afrilun 2018. A watan Yuli ya sasanta da shugaba Isaias Afwerki na Eritrea, aka kawo ƙarshen zaman doya da manjan da ya biyo bayan yaƙin kan iyaka na 1998 zuwa 2000. Aiki ne na a yaba, babu mai musu. A watan Oktoban 2019 aka sanar da shi ne gwarzo. Ko shekara bai cika da karɓar lambar ba, a watan Nuwamban 2020, yaƙi ya ɓarke a yankin Tigray da ke arewacin Habasha, sojojin Eritrea kuma suka shigo suna mara wa gwamnatinsa baya. Wato sulhun da aka karrama shi a kansa shi ne ya zama ƙawancen yaƙi. Dubban ɗaruruwan mutane suka halaka, wasu da harsashi, wasu da yunwa da rashin magani, kafin a sa hannu kan yarjejeniyar Pretoria a watan Nuwamban 2022, wadda Olusegun Obasanjo ya jagoranta a madadin Tarayyar Afirka. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Abiy ko shekara biyu bai yi a kan kujera ba aka yaba shi.

Ba kuma a kansa aka fara ba. Barack Obama bai cika wata tara a fadar White House ba aka sanar da shi a 2009, kuma kwanaki kaɗan kafin ya je Oslo karɓar lambar ya ba da umarnin ƙara sojoji 30,000 a Afghanistan. A 1973 aka haɗa Henry Kissinger na Amurka da Le Duc Tho na Vietnam aka ba su kyautar saboda yarjejeniyar tsagaita wuta a yaƙin Vietnam, alhali bindiga ba ta yi shiru ba. Tho ya ƙi karɓa, mutum biyu kuma suka ajiye kujerunsu a kwamitin.

Masu kare kwamitin suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Sukan ce kyautar ba ladan aikin da aka gama ba ce kawai, wani lokacin tallafi ce ga sulhun da ke tangal-tangal. An ba Nelson Mandela da F.W. de Klerk, shugaban Afirka ta Kudu na lokacin, a 1993, kafin zaɓen 1994, kuma Allah ya sa abin ya ɗore. An ba Juan Manuel Santos na Colombia a 2016, 'yan kwanaki bayan jama'arsa sun yi fatali da yarjejeniyarsa da 'yan tawayen FARC a ƙuri'ar raba gardama, daga baya aka gyara ta aka amince. Na yarda. Sai dai wannan caca ce, kuma idan ta ɓaci ba mutanen Oslo ne ke biyan kuɗin ba. Dokar gidauniyar Nobel ba ta yarda a ƙwace kyauta bayan an bayar ba, saboda haka shugaban da ya juya ya ɗauki makami zai ci gaba da yawo da lambar a matsayin shaidar kirki, yana rufe bakin masu kuka da shi.

Abin da nake so kwamitin ya ɗaura wa kansa ba mai wuya ba ne: duk wanda ke riƙe da sojoji da baitulmali, a jira shi ya sauka, a ga abin da ya bari. Kafin nan ba za a rasa wanda za a ba ba. Wangari Maathai ta Kenya ta fara dashen itatuwa da matan karkara a 1977, ta sha duka da ɗauri, aka karrama ta a 2004. Dakta Denis Mukwege ya buɗe asibitin Panzi a Bukavu a 1999, ya yi kusan shekara 20 yana ɗinke matan da aka yi wa fyaɗe a yaƙin gabashin Kongo, har ya tsallake rijiya da baya a hannun 'yan bindiga, kafin a kira shi a 2018. Irin waɗannan su ne suka fi bukatar kariyar da sunan Nobel ke bayarwa, domin ba su da dogarai, kuma aikinsu a fili yake ga duk mai son ya je ya duba.