Ajaokuta: kowa na maganar Rasha, ba mai maganar kwal

Tun da gwamnati ta sa hannu kan yarjejeniya da kamfanin Rasha Tyazhpromexport a 2024 don farfaɗo da masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da ke jihar Kogi ake ta surutu a rediyo da Facebook, amma har yau ban ji wanda ya amsa tambaya guda ba: da wane kwal za a hura tanderun? Wanga shi ke ci mani tuwo a ƙwarya.

Tanderun Ajaokuta ba ya cin ɗanyen kwal. Sai an gasa kwal ɗin a rufe babu iska, da zafin da ya kai digiri 1000, ya narke ya haɗe ya koma dunƙule mai tauri mai ƙananan ƙofofi, shi ne kok, wanda za a jibga mai tama a bisa bai murƙushe ba kuma iska ta ratsa. Kwal ɗin Enugu da anka fara haƙa tun 1916 bai da wanga danƙo, in ka gasa shi gari yake komawa. Na Obi a jihar Nasarawa yana haɗewa, sai dai toka da farar wuta sun yi mai yawa.

To masu bincike sun daɗe suna gwada wata dabara, a niƙa kwal maras danƙo a kwaɓa shi da abin da zai riƙe shi a matse a gasa. Da kwaltar da ke fita daga kwal anka saba yi, ga tsada ga hayaƙi mai jawo ciwon daji, shi ya sa anka koma gwada na tsirrai: sitacin rogo, baƙin ruwan rake da ke saura bayan an tace sukari, lignin (sinadarin da ke ba itace ƙarfi), har ƙaro.

Amma da ka kawo wagga magana sai wasu 'yan boko su bushe da dariya, wai da kunun rogo za a yi ƙarfe. Haba jama'a! Ku je unguwar Maƙera Assada nan Sakkwato ku ga yadda maƙeri ke tsince gawayin ƙirya ya ture na banza gefe, don ya san wanda ke jure zuga bai watse ba. Brazil har gobe tana narka tama da gawayin itacen turare da ta shuka da kanta. Mu ne munka fi kowa noman rogo a duniya, mu ne kuma ke raina shi.

Gaskiya ne sitaci yana riƙe dunƙulen a sanyi, da wuta ta yi ƙarfi sai ya ƙone ya sake shi, kuma ƙaro ya yi tsadar da ba a zuba shi tanderu. Ai nan aikin yake, a gano haɗin da zai jure, kuma ba a gano shi da dariya. Masu cewa a dinga shigo da kwal daga Ostareliya kuwa su fara gaya muna inda dalar take.

Akwai cibiyar binciken ƙarafa a Jos, nan Sakkwato ma jami'ar Ɗanfodiyo na da cibiyar binciken makamashi. Ya kamata ma'aikatar ƙarafa da anka ƙirƙira a 2023 ta ba su kuɗi da kwal ɗin gwaji, ta kuma gindaya sharaɗin kar a sare icce ko guda, don mu nan hamada ta riga ta iso bakin ƙofa.