Giwa a garin wani zomo ce: abin da ke hana manyan motocin alfarma kasuwa a waje

Akwai wata baƙar Cadillac Escalade, ƙirar Amurka, da ta daɗe a ajiye a wani wurin sayar da motoci a nan Birnin Kebbi. Duk wanda ya gifta sai ya waiwaya. Tsawonta ya haura mita 5, kujerunta na fata ne, injinta silinda 8, in aka tayar da ita sai ka ce hadari ne ya haɗo daga gabas. Damina ta ƙare a kanta, hunturu ya zo ya shafa mata hoda, tana nan inda take. A gefenta kuwa an sauke Corolla da Camry da Hilux ba adadi, kuma da wuya ɗaya ta yi wata guda ba ta samu mai ita ba. Ran nan na tsaya na tambayi dillalin. Ya yi dariya, ya ce, "Malam, kowa na son ya hau ta, amma ba mai son ya mallake ta. Takalmin kaza ce, mutu ka raba. Ran da ka tashi sayarwa ba ka da mai taya maka."

Dillalin nan bai taɓa zuwa Tokyo ba, amma ya amsa tambayar da shugabannin ƙasashe suka shekara da shekaru suna cacar baki a kanta. Shugaban Amurka Donald Trump ya sha ƙorafin cewa titunan ƙasarsa cike suke da motocin Japan da na Jamus, alhali su waɗannan ƙasashe sun ƙi sayen na Amurka. A ganinsa ƙulli ne aka yi wa kamfanonin motocin Amurka. Ni a nawa ganin, ƙullin da ya fi ɗaure su da hannunsu suka yi shi: sun ƙera mota daidai da gidansu, sannan suna mamakin da ta ƙi shiga ƙofar gidan wani.

Mu ɗauki Japan, tunda a kanta aka fi yin hayaniya. Tun 1978 ƙasar ta cire harajin shigo da motoci baki ɗaya, ko kwabo ba ta karɓa a bakin tashar ruwa. Duk da haka, a 2016 kamfanin Ford ya tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar, domin a shekarar da ta gabaci wannan motoci kusan 5,000 kacal ya sayar, a kasuwar da ake sayar da miliyoyi. Har gwaji aka yi a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da Toyota ta karɓi motar Amurka Chevrolet Cavalier ta liƙa mata tambarinta, ta sa a shagunanta na Japan. Ba ta karɓu ba, zuwa 2000 aka haƙura.

Dalilin yana cikin lungunan biranensu. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na sababbin motocin da ake saye a Japan wasu 'yan ƙanana ne da suke kira kei, waɗanda doka ta ƙayyade kada tsawonsu ya wuce mita 3.4, faɗinsu mita 1.48, injinsu kuma kada ya haura cc 660, wato lita 0.66. Injin Escalade lita 6.2 ne, wato ya ninka wancan sau tara har da ɗoriya. Harajin shekara-shekara a can da girman inji ake yanka shi, don haka mai irin wannan giwa yana biyan kusan ninki goma na abin da mai kei ke biya. Sannan a yawancin garuruwansu ba za a yi wa motarka rajista ba sai ka kawo takardar shaida daga 'yan sanda cewa kana da wurin ajiye ta, kuma wurin ya ishe ta. Ka yi tunanin a ce a tsohon garin Argungu ko Gwandu ne, inda wani lungun ko amalanke sai da dabara take juyawa, aka ce sai ka nuna inda motar za ta kwana kafin a ba ka lamba.

Ga kuma batun sitiyari, wanda mu ya kamata mu fi kowa fahimta. Japan a hannun hagu ake tuƙi, sitiyarin motocinsu a dama yake. Kamfanonin Jamus sun daɗe da gane haka, suna ƙera Mercedes da BMW masu sitiyarin dama don Japan da Ingila, kuma su ne kan gaba a motocin waje da ake saye a can. Na Amurka kuwa sun yi shekaru suna aika manyan motocinsu yadda suka ƙera wa mutanen Texas. Dattawanmu na tuna ranar 2 ga Afrilu 1972 da Najeriya ta sauya hannu ta koma dama. Tun daga nan motar da sitiyarinta ke dama ta zama bare. Har yau in dillali ya gano an juya wa mota sitiyari, nan take kuɗinta ke faɗuwa, komai kyanta. Abin da ba za mu karɓa ba, don me za a ce ɗan Japan ya karɓa? Jeep, wadda ta yarda ta yi masu sitiyarin dama, tana cikin motocin Amurka da suka fi samun shiga a can, kuma wannan kaɗai ya isa ya raunana zancen ƙulli.

A Turai labarin mai ne. Harajin da gwamnatin tarayyar Amurka ke ɗorawa a kan galan ɗin fetur santi 18.4 na dala ne, kuma tun 1993 ba a taɓa shi ba. A ƙasashe kamar Faransa da Jamus kuwa, wajen rabin kuɗin da mutum ke biya a gidan mai haraji ne. Mota mai shan lita guda a kilomita 6 cikin gari wasa ce a wurin Ba'amurke, azaba ce a wurin Bafaranshe. A 2024 ma mutanen Paris suka kaɗa ƙuri'ar ninka kuɗin fakin sau uku ga manyan motoci masu nauyi na baƙi, har ya kai yuro 18 a awa guda a tsakiyar birnin. Kamfanin General Motors na Amurka, mai ƙera Cadillac, ya janye Chevrolet daga kasuwar Turai, sannan a 2017 ya sayar da Opel ga masu Peugeot.

Mu ma mun ɗanɗana. Kafin 29 ga Mayu 2023, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, mai babbar mota ba ya ko duban mitar gidan mai. Da aka cire tallafi, farashi ya yi ta hawa har ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Tankin Escalade na cin kusan lita 90. A yi lissafi. Na san gidaje a garin nan da jif ke lulluɓe da tampol sai ranar Sallah ko ɗaurin aure, mai gida kuwa yana zirga-zirgarsa a ƙaramar mota, wani ma a babur. Alhazanmu kuma sun ga ɗaya gefen: a Makka da Madina manyan motocin Amurka ƙirar GMC birjik suke, saboda tituna na da faɗi, mai kuma na da sauƙi. Mota ɗaya, ƙasa daban, kasuwa daban.

Sai dai in na tsaya a mai da haraji ban yi wa batun adalci ba, domin mai sayen motar alfarma ba kuɗin mai ne babbar damuwarsa ba. Idon mutane yake saye. A 2002 Volkswagen ta fitar da wata ƙasaitacciyar mota mai suna Phaeton, wadda ta haɗa kayan ciki da Bentley. Masana sun yaba aikinta, masu kuɗi suka kau da kai. A 2006 aka janye ta daga Amurka, a 2016 aka daina ƙera ta. Ba sai an yi dogon bayani ga mutumin Kebbi ba: wane Alhaji ne zai zuba miliyoyi a motar da tambarinta ɗaya ne da na Golf da Sharon da ke lodi a tashar Jega? Toyota ta gane wannan tarkon tun da wuri, shi ya sa a 1989 ta ƙirƙiro sunan Lexus don masu hannu da shuni na Amurka. Amma ita ma Lexus ɗin da ta isa Turai sai ta tarar da Mercedes da BMW da Audi sun riga sun shimfiɗa tabarma, kuma har yau a bayansu take.

China ta nuna yadda ake yi in ana son kasuwa da gaske. Can babban mutum a baya yake zama, kamar dai namu, direba na ja. Sai Audi da BMW suka ƙara wa motocinsu tsawo musamman don kujerar mai gida ta samu wurin miƙe ƙafa. Buick, wadda a gida Amurka ake yi wa kallon motar tsofaffi, ta yi shekaru tana sayar da motoci a China fiye da yadda take sayarwa a ƙasarta, nesa ba kusa ba. Ashe in Ba'amurke ya tsaya ya saurari mai saye, ana saye.

Ba na musun cewa akwai shinge na gaske. Tarayyar Turai ta daɗe tana karɓar harajin kashi 10 a kan motocin da ake shigar mata, lokacin da Amurka ke karɓar kashi 2.5, kuma ƙa'idojin gwajin mota sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, abin da ke cin kuɗi. Amma mai ƙorafin shi ma yana da nasa: tun 1964 Amurka ke ɗora kashi 25 a kan motocin a-kori-kura da ake shigar mata, kuma a bayan wannan katangar ne kamfanoninta suka yi ƙiba suna ƙera manya-manya, suka manta da yadda ake yin motar da za ta shiga kowane lungu.

Abin dariyar shi ne, kaso mai yawa na motocin tokumbo da muke hawa daga Amurkar suke fitowa, ta Legas ko ta Kwatano. Amma me ake ɗauko mana? Camry, Corolla, Highlander, Lexus, Honda. Ita Camry ma tun 1988 ake ƙera ta a jihar Kentucky. Wato muna sayen motar da aka yi a Amurka, mun dai ƙi wadda Amurkawa suka zana. Je ka garejin kanikawa ka ji dalili. In Toyota ta tsaya maka tsakanin Koko da Yauri, yaron bakanike ma zai iya tayar da ita, kayan gyaranta kuwa in babu a nan, gobe direban tasha zai kawo maka daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. In Cadillac ce, sai a fara neman mai kwamfutar da za ta karanta ciwonta, sannan a yi odar kayan daga Legas, in ba a dace ba daga ƙasar waje, da dala. Wani bakanike ya taɓa ce mini, "Yallaɓai, mu ba ƙin ta muke ba, tsoron buɗe ta muke." Haka Peugeot ta yi sarauta a Arewa: masana'antarta na Kaduna tun 1975, kowane gari na da wanda ya san cikinta, shi ya sa 406 har yau ba ta rasa masoya ba.

Don haka a wurinmu girma bai taɓa zama laifi ba. Manyanmu na son babbar mota, ayarin kowane gwamna shaida ne, Land Cruiser da Prado da Lexus nan da can. A 2023 da aka yi ca a kan 'yan majalisar tarayya saboda sayen jif-jif masu tsada, hujjar da aka bayar ita ce hanyoyin ƙasar ba su da kyau. Na daɗe ina juya wannan magana. Wasu ƙasashen sun tsara birane da haraji har babbar mota ta zama kaya, mu kuwa mun bar ramuka sun yi yawa har ta zama dole ga mai hali, kuma waɗanda aka zaɓa su cike ramukan su ne kan gaba wajen sayenta da kuɗin jama'a. Mai zuwa Dansadau daga Gusau a bayan a-kori-kura ba shi da wannan zaɓin.

Makon jiya na sake bi ta wurin dillalin. An wanke Escalade ɗin tas, an ɗaura mata ƙyalle da balan-balan. Na ce, "Alhaji, an samu mai rabo ke nan?" Ya girgiza kai. Haya aka zo ɗauka, za a kai amarya Kalgo, da yamma a dawo da ita wurinta. Ya ce man ma su za su zuba.