Adafta Ba Jona Waya Kawai Ba Ce

Da yawa daga cikin masu haɗa adafta a gida don kunna allunan wasannin arked (wato allunan lantarki na cikin injinan wasan bidiyo da ake sa wa kuɗi) a talabijin sun ɗauka cewa aikin bai wuce jona waya da waya ba, tunda akwai tsarin JAMMA na jona waɗannan alluna. Gaskiya ne, tsarin nan da kamfanonin Japan suka fitar a tsakiyar shekarun 1980 ya daidaita bakin allon: ƙafafu 56, wato 28 a kowace fuska. Amma wurin zaman kowace waya ya daidaita, bai ce talabijin ɗin gida zai iya ɗaukar abin da ke fitowa ba.

Hoton da allon ke turawa, ja da kore da shuɗi, yakan kai volt 3 ko fiye, alhali talabijin mai shigar SCART (wata kafar shigar da hoto da sauti) volt 0.7 yake jira. In ba a sa rezista ta rage ƙarfin ba, launi zai wanke fes, a wahalar da na'urar a banza. Sauti ma haka: ya riga ya bi ta amfilifaya, lasifika yake nema kai tsaye. A wasu allunan, haɗa wayar lasifika mai alamar (-) da giraun, wato layin volt 0, yakan ƙona amfilifayar.

Abin da ya fi damuna shi ne layin volt 5 da ke ba allon wuta. Tsofaffin allunan nan suna shan wuta sosai. In ka zana layin tagullar da ke ɗaukar wutar a kan adaftar siriri, zai ɗau zafi, wutar ta ragu kafin ta isa, wasa ya riƙa katsewa. Ka faɗaɗa layin, ka sa fis, sannan ka auna wutar a bakin allon yana kunne.