A karanta ƙarfen kafin a saurari mai sayarwa

Masu tara tsoffin bindigogin sojan Jamus sun fi asarar kuɗi ta hanya biyu: sayen bindiga saboda labarin da aka ba su a kanta, da kuma goge ta har ta yi ƙyalli bayan sun saya. Ni dai a ganina na biyun ya fi muni, domin wanda aka zambata aljihunsa kaɗai ya ji jiki, amma wanda ya ɗauki sandfefa ya bi ta kan katakon bindigar da ta haura shekara 140, ya share shaidar da ba mai iya maido ta.

Dalili kuwa, Jamusawan wancan zamani ba su bar komai a duhu ba. Kowace bindiga ɗauke take da tarihinta a jikinta, an buga shi da tambari a kan ƙarfe da katako. Ɗauki Mauser samfurin 1871, wadda 'yan'uwan nan biyu, Paul da Wilhelm Mauser na garin Oberndorf, suka ƙirƙiro. Harsashi ɗaya take ci, mai faɗin milimita 11, da baƙin albarushi. A gefen hagu na ƙarfen da sakata (ƙarfen da ake ja a tura don ɗura harsashi) ke shiga za ka ga an rubuta I.G. Mod. 71 da haruffan Jamus na da, wato ta sojan ƙasa ce. A saman bututun, wajen tushensa mai kusurwoyi, akwai sunan masana'antar: Spandau, Erfurt, Danzig ko Amberg. Wasu ma an ba da kwangilarsu waje, kamfanin Steyr na Ostiriya ya ƙera, wani kamfani a Birmingham ta Ingila ma ya ƙera. Kusa da nan akwai kambi da haruffa a ƙarƙashinsa. Idan L ne, ta masarautar Bavariya da ke cikin Jamus ce, harafin Sarki Ludwig na biyu ke nan. Idan FW ne, ta Furushiya ce, wata masarautar ta Jamus. Akwai kuma wata ƙaramar lamba kamar 10,95, wannan faɗin ramin bututun ne a ma'aunin milimita, kamar yadda mai duba aiki ya auna. Sau da yawa za ka tarar da shekaru biyu, ta ƙira da ta miƙa wa rundunar soja, kuma ba abin mamaki ba ne su bambanta da shekara ɗaya ko biyu.

Sai lambar bindigar, kuma a nan ake gane mai gaskiya. Suna ƙirgawa zuwa 9999, sai su koma farko su ƙara harafi. Cikakkiyar lambar tana kan bututu da sakata da manyan sassa, ƙananan kuwa, har kan sukurori, alƙaluma biyun ƙarshe ake bugawa. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya da gilashin ƙara girma. Lambar da ta sha bamban ba ta mayar da bindiga jabu, domin maƙeran soja kan sauya sassa, sai dai ta rage farashi. Abin gudu shi ne lambobin da suka dace amma ba a lokaci ɗaya aka buga su ba. Kai bindigar hasken rana ka karkata ta. Inda aka kankare tsohuwar lamba aka buga sabuwa, ƙarfen kan ɗan lotsa, gefunan sabbin alƙaluman kuma suna da kaifi alhali duk sauran rubutun ya lashe. Siffar 1 da 7 da 4 ita ma takan tona asiri.

A saman farantin gindin bindigar ake buga alamar runduna. Tsarin kamar haka yake: 13.R.4.56, ma'ana runduna ta 13, kamfani na 4, bindiga ta 56. In an mayar da ita wata rundunar, sai a soke tsohuwar alamar da layi a buga sabuwa. Don Allah kada wani ya ga wannan sokewar ya ɗauka lahani ne. Ita ce ke faɗa maka inda bindigar ta bi.

Samfurin 1871 kashi uku ne, kuma a nan ake yawan damfara. Akwai doguwar ta sojan ƙasa mai tsawon kusan mita 1.35, akwai ta Jäger, wato rundunar maharba, mai B. Mod. 71 wadda ta ɗan gajarta kuma tana da wata ƙugiyar ƙarfe a bayan mazagayin kunama domin ɗora yatsu, sai gajeruwar ta mahaya dawaki mai K. Mod. 71, tsawonta kusan mita ɗaya, katakonta ya kai har baki, hannun sakatarta kuma a lanƙwashe yake. Tun da gajerun sun fi ƙaranci, wasu kan datse doguwar su sayar da ita a matsayin ta mahaya. Rubutun gefen hagu ya isa ya ƙaryata su. Ita ta Jäger ɗin tana da alaƙa da nahiyarmu, domin ita Jamus ta riƙa ba sojojinta 'yan Afirka, har aka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya askarawan Gabashin Afirka na riƙe da ita, hayaƙin baƙin albarushinta yana nuna wa abokan gaba maɓoyarsu. Wadda ke da alamar rundunar mulkin mallaka ta gaske tana da tsada sosai, saboda haka alamar ta fi kowace shan kwaikwayo.

Kafin Mauser akwai bindigar allura ta Dreyse, wadda Furushiya ta karɓa a 1841 ta kuma ci Ostiriya da ita a Königgrätz a 1866. Harsashinta a takarda yake naɗe, allurar sai ta ratsa albarushin kafin ta kai ga abin tayar da wuta, don haka kullum cikin wuta take, tana saurin karyewa, sojoji ma da ta sauyi suke yawo. Allurar da ba ta asali ba a jikin Dreyse ba abin tada hankali ba ne. Mauser samfurin 71/84 kuwa, wanda ya biyo bayan na 1871, an ƙara masa bututun ajiyar harsashi takwas a ƙarƙashi, kuma da yawansu ba su sha aiki ba, shi ya sa ake samunsu garau.

Wadda ta fi rikita sabon shiga ita ce Gewehr 88. Faransa ta fito da bindigar Lebel mai albarushi marar hayaƙi a 1886, hankalin Jamus ya tashi, wani kwamiti a Spandau ya harhaɗa wannan cikin gaggawa. Ba Mauser ba ce, ko da an kira ta haka a wajen gwanjo. An sa wa bututunta rigar ƙarfe, kuma laima kan shige tsakaninsu ta ci bututun alhali waje tsaf yake, don haka ba a yanke mata farashi sai wanda ya iya ya kwance rigar an leƙa. Kan sakatarta ma cirewa yake, ana iya mayar da sakatar ba tare da shi ba, wannan kuma haɗari ne babba. Sai batun harafin S da ake bugawa a jikin wasunsu. Harsashin farko faɗinsa inci .318, na 1905 mai tsinin baki kuwa inci .323. Harafin yana nufin an gyara mazaunin harsashi ya karɓi sabon, ba wai an sake bututun ba. Wanda ya ga S ya ɗura harsashin zamani mai ƙarfi, da fuskarsa yake caca. Da yawansu an tura wa Turkiyya lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, za ka gan su da jinjirin wata da alƙaluman Larabci a kan saiti, sakata kuma galibi ba ta asali ba.

Kulawa kaɗan ake buƙata. Jar tsatsa mai rai ita ake kashewa, da mai marar kauri da burushin tagulla mai laushi, a hankali. Launin ƙasa-ƙasa da ya kwanta lumui a kan ƙarfe a bar shi. Ƙarfen sakatar 1871 dama fari aka bar shi tun daga masana'anta, wanda ya rina shi baƙi ya ɓata. Katako a share shi da ƙyalle kawai, domin tambarin masu duba aiki da ke jikinsa ba su da zurfi, goga ɗaya ta tafi da su. Sukundireba ya cika tsagin sukurun cif, in ba haka ba ya yage kan da lambar take. A ajiye ta inda laima ba ta wuce kashi 50 cikin ɗari ba, a shafa mata kaki siriri, kuma kada a bar ta cikin kube na fata ko soso.

Shekarar da ke jikin ƙarfen har a doka tana da tasiri. A Amurka wadda aka ƙera kafin 1899 kayan tarihi ce, a Jamus ta allura mai samfurin kafin 1871 baligi na iya mallaka ba takarda, amma Mauser 71 sai da izini. A Nijeriya tsufan bindiga ba ya ɗauke wa mutum neman lasisi.