Yadda Na Zama Ungozomar Kwaɗi

Laifin wayata ne. Da hutun lakwal ya zo, ba yara ba allo, sai na koma kwanciya ƙarƙashin dalbejiya ina latse-latse. A nan na ci karo da bidiyon wasu Turawa a Ingila, cikin watan Maris da sanyinsu ya fara sauka, suna bin kududdufan daji da cokali suna kwashe ƙwan kwaɗi kafin ruwan ya ƙafe, su kai babban tafki. Na yi dariya har na ƙware. Na ce wanda ya ƙoshi ba abin da ba zai yi ba.

Ba a yi sati biyu ba na tsinci kaina durƙushe cikin taɓo.

Ruwan shuka ya sauka Damagaram a farkon Yuli, kowa ya ruga gona, daga nan sama ta ɗauke kamar an yi mata laifi. Na hau moto na nufi gonar Kawu a hanyar Mirriya in ga ko hatsi ya tsira. A gindin wani dutse, cikin manyan duwatsun nan namu da ke zaune kamar giwaye sun kwanta, na tarar da ɗan kududdufi da bai fi faɗin tabarma ba. Gefensa har ya fara tsattsagewa. A ciki kuwa ga ƙwai, baƙaƙen ɗigo jere cikin wani zare mai yauƙi, tamkar an tsinka carbi an zuba a miyar kuɓewa. Irin kwaɗin nan masu kaushin baya haka suke yi, zare-zare suke sakin nasu. Uwar ta kwashe rani cur tana ɓoye a rami tana jiran ranar nan, ta zo ta zuba duk abin da ta mallaka a ruwan da ba zai kai jibi ba. Tausayi ya kama ni. Ni ma na taɓa zuba kuɗina a adashin da ya watse.

Abin da ke hannuna kawai kular da maiɗakina ta zubo wa Kawu tuwo. Na jira ya cinye, na ɗauraye, na shiga kwasa da murfin. Kawu ya dogara da hauyarsa ya daɗe yana kallona.

"Mushe, wannan ma cikin karatun ne?"

Na ce masa kwaɗi suna cin ƙwari, har sauro, don haka amfanin kowa ne. Ya ce to, Allah ya ba da lada, amma in tuna kular ba tawa ba ce.

Tafki ya kamata in kai su. Sai zuciya ta ce in kai gida in ga ƙyanƙyasarsu da idona, in samu abin nuna wa 'yan aji in an koma. Na ɗaure kula a bayan moto. Duk ramin da na faɗa sai ruwa ya fantsalo, kafin in shigo Birni bayan wandona ya jiƙe sharkaf, da zaren ƙwai guda yana reto a aljihu. Wani ɗan kabu-kabu ya bi ni da oda yana nuna mini, na yi kamar ban gani ba.

Ina shiga gida na ce wa maiɗakina na kawo kwaɗo. Ta ce madalla, dama tana marmarin na zogale. Na ce ba shi ba. Ta ce to na ƙofar ɗakin girki ne da ta yi wata tana roƙo? Na ce shi ma ba shi ba. Ta buɗe kula. Shirun da ta yi ya fi kowace magana tsawo, sannan ta ce, "Malam, a kulata ta aure?"

Na juye su a tsohuwar randa da ke bayan ɗaki, na rufe da faifai. A nan lissafi ya fara. Wanda bai san Zinder ba ba zai gane nauyin abin da na ɗauko ba. Garin nan ne fa aka ɗauke wa babban birni a 1926 aka kai Yamai, kuma cikin dalilan da ake faɗa har da ƙarancin ruwa. Har yau in famfo ya yi tari da tsakar dare, unguwa duka tashi take da bido a hannu. A irin wannan gari ni na buɗe gidan reno na halittar da ba ta iya komai sai zama cikin ruwa. Ga shi ruwan famfo akwai maganin da ake sa masa, wanda ke kashe 'ya'yan kwaɗi, dole a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba musu. Wato bido guda na ga-ruwa, da kuɗina, yana zaune a tsakar gida ba mai taɓa shi, an ajiye wa baƙi. Maiɗakina ta riƙa wucewa ta gabansa da tulin wanki tana gaishe shi.

Kwana biyu suka ƙyanƙyashe. Wallahi na ji daɗi. Ɗaruruwan 'yan baƙaƙen abubuwa, kai da wutsiya kawai, suna ta kaɗawa. A tafki gansakuka suke ci, ni kuwa ba ni da ita, sai na dafa musu ganyen zogale ya yi laushi. Maiɗakina ta leƙo ta ce yau ta ga ikon Allah, ita da ta nemi kwaɗon zogale ba ta samu ba, ga kwaɗo na cin zogale.

Rana ta huɗu Inna ta zo daga Zango. Ban gaya mata ba, don na san abin da zan ji. La'asar ta yi, ta ɗauki buta ta zagaya bayan ɗaki, ta ga randa a rufe da faifai tsaf, ta ce a ranta ga ruwan kirki. Ina ɗaki na ji salati, irin wanda ake yi in an ga gobara. Na fito na tarar da buta a ƙasa, Inna na yarfe hannu, 'ya'yana uku suna wutsil-wutsil a kan siminti.

"Kai, ɗan nan! Sammu aka yi muku ko tsutsa kuke sha?"

Na fara bayanin sauro. Ta ce ta haife ni, ta yaye ni, ta kai ni lakwal da kuɗin ƙuli-ƙuli, ba don in dawo ina yi wa kwaɗo wankan jego ba. Ta ba ni zuwa safe.

Na jawo randar zuwa tsakar gida don in tashi da asuba in kai su tafki, na bar ta a buɗe su sha iska. Abin da na manta shi ne agwagin Alhaji maƙwabcinmu, da ke shigowa ta kafar kwata kullum da sassafe kamar masu karɓar haraji. Na idar da salla na fito, na tarar da su huɗu sun kewaye randa, ɗaya ma ta shige ciki gaba ɗaya tana wanka. Na bi su da takalmi, zanen barcina ya kama ƙusa, na yi zaman dirshan cikin kwata. Da na ƙirga abin da ya rage, bakwai ne.

A daren ranar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe na ɗauki bakwai ɗina a gwangwanin madara na koma gonar Kawu. Kududdufin da na ce ba zai kai jibi ba, ashe inuwar dutsen ta riƙe masa ɗan ruwa a tsakiya, yanzu kuwa ya cika ya batse har ya haɗe da na kusa da shi. Waɗanda murfin kula bai kwaso ba suna nan baƙi ƙirin, sun ninka nawa ƙiba. Na tsuguna na juye gwangwanin a hankali, bakwai ɗin suka shige cikin 'yan'uwansu ko waiwaye babu.

Kawu ya zo ya tsaya a kaina ya leƙa.

"Waɗannan ramammun su ne suka je birni?"

Na ce su ne. Ya ce in gaishe da mai kula.