Fuskata, Tuwo da Gwajin Baturen Rasha

Duk mai cewa karatun fim zaman kallo ne kawai, ya zo in ba shi kujerata. A zango na biyu Malam ya ba mu aikin rukuni: mu maimaita gwajin Lev Kuleshov, wanda ya yi a Rasha wajen 1920. Shi dai fuskar wani ɗan wasa ya samo, Ivan Mozzhukhin, ba fara'a ba ɗaure fuska, ya haɗa ta da hoton kwanon miya, sannan yarinya a akwatin gawa, sannan wata mace a kishingiɗe. Masu kallo suka yi ta yabon gwanintar mutumin, wai ga yunwa, ga baƙin ciki, ga sha'awa, alhali hoto ɗaya ne ake ta maimaita musu. Wato abin da edita ya jera kusa da fuska, shi ke gaya wa mai kallo abin da ke ran mai fuskar.

Ko shawara ba a yi ba 'yan rukuninmu suka ce ni ne fuskar, wai dama tawa ba ta cewa komai. Miya ta koma tuwon shinkafa da miyar taushe, da kuɗina. Akwatin gawa ya koma makarar masallacin unguwa, ba kowa a ciki, da izinin ladan. Mace kuwa 'yar ajinmu ce, wadda ba ta zama sai an goge mata kujera. Muka ɗauka, muka miƙa.

Ranar nunawa aka kashe fitilu, aka kunna majigi. Ga fuskata, ga tuwo. Malam ya ce, "Me kuka gani?" Aji ya ɗauka baki ɗaya, "Yunwa!" Malam ya gyaɗa kai, ni kuma na gyara zama, har na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Ga fuskata, ga makara. Shiru. Can daga baya wani ya ce, "Malam, yunwa ce dai." Wani ya ƙara da cewa kamar ina lissafin ko za a raba waina a sadakar uku. Malam ya ce a yi shiru a ga na ƙarshe.

Ga fuskata, ga baiwar Allah a kujera. Ita da kanta ta ɗaga hannu. "Malam, wallahi ba ni yake kallo ba. Jakata yake kallo ko da cincin a ciki."

Ajin ya tarwatse. Malam kuwa ko murmushi bai yi ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Ya cire tabarau ya ce shekara ɗari ana koyar da gwajin nan, ba a kaina zai rushe ba, lallai akwai dalili. Ya sa editanmu ya riƙa matsar da hoton ɗaya bayan ɗaya. Mun ɗauka ne a kan hoto 25 a daƙiƙa, kuma fuskar daƙiƙa 6 ce. Hoto 150 ke nan na fuskata a jikin bango, girmanta ya kai ƙofar gareji, har ƙurjin da ke gefen hancina sai da ya samu nasa rabon.

"Tsaya nan!" Malam ya taso da rula ya ɗora a kan maƙogwarona na bango. "Ku duba. Ya hau. Koma baya. Ya sauka. Gaba. Ya hau." Haka suka yi ta hawa da sauka da maƙogwarona, editan ma har ya samo kari, 'yan baya suna buga tebur suna bi. Sai Malam ya matsar da rular zuwa idona, ya ce layin kallona ya karkata hagu, kuma a fim ido ba ya zuwa inda ba komai. Ya juyo. "Kai, me ke hagun kyamara?"

Na ce, "Malam, mai riƙe sandar makirfo ne."

To a nan nake so ku yi min alƙalanci. Gwajin nan ba shi da sauti ko kaɗan. Me mai makirfo ya zo yi? Tuwon muka fara ɗauka, ana cewa an gama ya jingine sandar da bango, ya ja kwanon ya zauna daidai gefen kyamara, ya wanke hannu da ruwan leda. Ni ko karyawa ban yi ba, darakta na ce min kada in motsa, kada in yi tunanin komai, shi kuwa yana tsoma loma yana siɗe yatsu. Wannan fa shi ne mutumin da ba a taɓa ba shi sanda ba tare da kanta ya leƙo cikin hoto ba. Shi ne mai juya hula baya yana cewa da ya gama zai wuce Kano ya gyara Kannywood. Mutumin da har yau bai san dalilin da ya sa ba a tsallake layin digiri 180 ba, wato ƙa'idar da ta ce kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na 'yan wasa, ya taɓa tambayar Malam wai ko zafin rana ake nufi. Kuma a ajin nan shi ya fi kowa dariya, har da faɗowa daga benci. Da Malam ya tambaye shi, budar bakinsa sai ya ce gudun almubazzaranci ya yi.

Malam ya ba mu C, ya kuma roƙi kwafi, wai zai riƙa nuna wa 'yan aji ɗaya. Shi ya sa yanzu yaran da ban sani ba suke gaishe ni a hanya suna shafa wuya.

Shi kuma gogan an ce ya koma ɓangaren haske. Kwanon ma na matar mai gidanmu ne, ya ce yana ɗakinsa, zai duba.